Mu fito da maganar a soshiyal midiya ko mu yi shiru? Dan Allah shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Yau sati uku kenan da jami'an hukuma suka zo suka tafi da yayana kan wani rubutu da ya yi a Facebook, ba a kai shi kotu ba, ba a faɗa mana laifinsa ba, kullum sai a ce mu dawo gobe. Abokansa sun ce a buɗe hashtag da sunansa a X, har hoto sun haɗa, ita kuma Umma ta ce kar wanda ya kuskura, wai kar a fusata su abin ya ƙara ɓaci. Wlh kaina ya kulle, ya zan yi?

Amsa ta 1: Allah ya fito da shi lafiya ƙanwata. Kun ɗauki lauya? Nan za ki fara. Ki tuna BringBackOurGirls a 2014, 'yan mata 276 aka sace a Chibok, har Michelle Obama ta ɗaga kwali, duniya ta ɗauka, amma yau ɗin nan akwai waɗanda ba su dawo gida ba. Surutu yana sa hukuma jin kunya, amma takardar kotu ce take buɗe ƙofa.

Amsa ta 2: Malam ban ƙi taka ba, amma shirun nan fa shi suke so, mutumin da jama'a suka san sunansa da inda yake ba kamar wanda babu mai cigiyarsa ba ne. EndSARS ma ai a waya ta taso, kuma ranar 11 ga Oktoba 2020 aka sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, duk da dai mutane sun fito titi kuma an yi asarar rayuka. 'Yar uwa kar ki tsallake maganar Umma, ki kai mata lauyan ya yi mata bayani da bakinsa, in ta yarda sai ku fito. Kuma buƙata ɗaya tak za ku riƙe, a kai shi gaban alƙali ko a sake shi, abin da sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya tanada kenan. Da kun fara sako siyasa ciki wasu za su karɓe muku maganar, a manta da yayanki.

Amsa ta 3: Ku yi sikirinshot na rubutun nasa yanzu kafin a goge, ku rubuta rana da lokacin da aka ɗauke shi da duk zuwan da kuka yi. Banda zagi, banda kama sunan jami'in da ba ku da hujja a kansa, ƙarya ɗaya in aka kama shikenan an samu abin fakewa. Mutum ɗaya ya riƙa magana da yawun gidanku, ya kashe lokeshan, ya sa wa akawun ɗinsa tsaro mataki biyu. Sannan tagin kawai bai isa ba, ku tura wa Amnesty International da 'yan jarida cikakken bayani ta imel. Ku kula da masu buɗe asusun tallafi da hotonsa, 'yan damfara ba sa barci.

Mai tambaya: Na gode sosai. Lauya kam ba mu ɗauka ba gaskiya, gobe in sha Allah zan nema. Na cewa abokan nasa su dakata da hoton tukunna, ɗaya har ya riga ya sa a status, na kira shi ya sauke.