Layin da ke shawagi a sikanin ido: retina ce ta ɓalle ko bitiriyos ne ya saki?

Ɗalibin Ido: Assalamu alaikum likitoci. Idan jini ko yanar ido ta hana a hango bayan ido, aka yi sikanin, sai ga farin layi yana shawagi a cikin baƙin hoton, da me ake tabbatar da cewa retina ce, wato shimfiɗar da ke karɓar haske a cikin bayan ido?

Likitar Retina: Wa alaikumus salam. Fara da neman jijiyar gani, baƙar inuwar nan da ke bayan ƙwayar ido. Retina ko ta ɓalle gaba ɗaya ba ta rabuwa da bakin jijiyar, haka ma ta gaba a ora serata, wato inda retina ta ƙare, shi ya sa take fitowa kamar mazurari. Layin da ya ƙetare kan jijiyar bai manne ba, bitiriyos ne, wato bayan ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido.

Sai ka rage gen, wato ƙarfin hasken hoton, sannu a hankali. Bitiriyos siriri ne, yana dusashewa. Retina mai kauri ce, haskenta na nan daram. Daga nan ka ce wa majinyaci ya kalli dama da hagu. Bitiriyos kan ci gaba da lilo bayan ido ya tsaya, retina kuwa ɗan karkaɗawa take yi ta tsaya. Amma a kula: jini kan kwanta a bayan bitiriyos ya ƙara masa kauri, wani lokacin ma bitiriyos ɗin yana manne da jijiyar. Alama ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba.

Ma'aikacin Sikanin: Kar a manta da koroid, shimfiɗar jijiyoyin jini da ke bayan retina. Ita in ta ɓalle tana kumburowa ne sumul kamar ƙubba, ba ta motsi sosai, kuma ba ta kaiwa jijiyar gani saboda jijiyoyin jinin da suka ɗaure ta. A yi amfani da kan na'ura mai megahaz 10, a sa jel da yawa a kan fatar ido, a duba kowace kusurwa, don ƙaramar ɓallewa a gefe takan ɓuya. Idan ana zargin ƙwayar idon ta fashe, kar a danna ko kaɗan.

Likitar Retina: Abin da ya fi damuna a rahoto shi ne a rubuta "retina ta ɓalle" a yi shiru. Makula fa, wato tsakiyar retina da ake gani sosai da ita? Tana gefen jijiyar gani ta ɓangaren kunne. In tana manne har yanzu, tiyata ake so cikin awa 24 kafin ruwan da ya shiga ƙarƙashin retina ya kai gare ta. A kuma faɗa ko retinar ta sandare, alamar ta daɗe ke nan, sannan a leƙa ƙarƙashinta ko akwai ƙari, musamman ga yaro.