Muhawara: Wa ya tare wa guragu da makafi hanya a Abuja?

Alhaji Bala: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina, abin da ya hana guragu da makafi bin gefen titi a Abuja shi ne masu kwana da masu bara da suka baje a kai. Ku dubi gadojin ƙafa na Area 1 da Nyanya, rabin hanyar kwali ne da tabarma da buhuna. Matakin da Ministan Abuja Nyesom Wike ya ɗauka a Oktoban 2024 na kwashe mabarata daidai ne. A ɗore da shi, hanya za ta buɗe.

Injiniya Sadiya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ko da daren yau aka kwashe kowa, gobe mai keken guragu ba zai hau ba. Dakalin bakin titi yakan kai santimita 15, ƙananan tayoyin gaba ba sa hawa wannan. Sai an yi gangara, kuma ƙa'idarta ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi 12 na tsawo, wato mita 1.8 ga dakali ɗaya. A mahaɗa nawa kuke ganin haka? Gadar ƙafa ta fi wuya. Don tirela ta wuce, benenta yakan kai wajen mita 6, gangararta mita 72 ke nan, ga wurin hutawa mai mita 1.5 bayan kowace mita 9. Jimla sama da mita 80 a kowane ɓangare. Da ɗan kwangila ya gajarta ta don rage siminti da rodi, sai ta miƙe. A hawa keken ya ɗaga gaba ya nemi kifewa ta baya, a sauka ƙarfen taya ya ƙona tafin hannu.

Malam Iliya: Injiniya kin taɓo inda ke ciwo. Ga makaho kuma, mutum kwance ba shi ne haɗarin ba. Sanda za ta taɓa shi, a yi sallama, ya janye ƙafa. Rami ba ya amsa sallama. Murafun ƙarfe na magudanai da aka yi ta sacewa, har hukumar Abuja ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025, su ne masu karya ƙafa, domin sanda na iya sauka bayan bakin ramin, ƙafa ta faɗa ciki. Sai allon talla da aka kafa daidai goshi, sanda ta bi ta ƙarƙashinsa ba ta ji komai ba. Sai motar da aka ɗora a kan hanyar ƙafa a Wuse da Garki, wadda ke tilasta masa sauka cikin titi.

Alhaji Bala: Malam ban musa ba. Amma kada mu yi kamar ba mu san akwai masu kwaso yara da naƙasassu daga jihohi suna zaunar da su a kan gada, da yamma su karɓe kuɗin ba. Wannan ma a bar shi?

Barista Hauwa: A'a ranka ya daɗe, kuma a nan doka tana bayanka. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, tara naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Amma mai amfani da shi ta ce a kama, ba shi ba. Dokar nan kuma ta ambaci hanyoyin gefen titi da wuraren tsallakawa, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Har jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a babu hanyar naƙasassu ta tanadar wa hukunci. Abin da ke damuna shi ne, motar kame idan ta cika, da yawan na cikinta guragu ne da makafi. An kwashe su ke nan da sunan buɗe musu hanya.

Danjuma Dillali: Alhaji, da izininka in kawo lissafi, don ba duk mai kwana a waje ne mabaraci ba. Akwai lebura, ɗan ga-ruwa, mai turin baro, kwandasta. Wasu suna da ɗaki a Masaka ko Suleja, kuɗin motar zuwa da dawowa ne zai cinye abin da suka samu a wuni, sai su kwana a kango ko ƙarƙashin gada, su koma gida ƙarshen mako. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Idan haya ba za ta wuce kashi 30 cikin ɗari ba, naira 21,000 ke nan a wata, 252,000 a shekara. Ga shi ba wata-wata ake karɓa ba, shekara ɗaya ce a dunƙule, wani mai gidan ma biyu. A ɗora kashi 10 namu na dillalai, a ɗora na lauya, a ɗora kuɗin ajiyar ɓarna. Wanda ake biya kullum-kullum yaushe zai tara wannan?

Gurgu kuwa nasa ya ninka. Dole ɗakin ƙasa, kuma ƙofar banɗaki a gidajen haya sau da yawa ba ta kai faɗin da keke zai shiga ba, alhali santimita 80 zuwa 90 ake so. Mai gida a Mpape ko Gwagwa da ya yi gini kan takardar mai unguwa ba zai fasa bango ya gyara ba, don ya san a Abuja minista kaɗai ke ba da fili, kuma katafila na iya zuwa kowace rana. Banki ma ba ya karɓar irin wannan takarda.

Alhaji Bala: To ai akwai cibiyar gyaran hali ta Bwari, akwai unguwar guragu ta Karmajiji. A kai su can.

Barista Hauwa: Cibiya wurin koyon sana'a ne na ɗan lokaci, ba gida ba ce. Ranar da aka sallami mutum babu ɗaki babu jari, gadar da ya sani zai koma.

Alhaji Bala: Na karɓi maganar gangara da ta ramuka. Ta kan gada ce ban sauka ba, dole a hana shimfiɗa a wurin.

Injiniya Sadiya: A hana, Alhaji, amma da awo. A ja layin fenti, a bar mita 1.8 fili tun daga ƙasa har sama, shi ne faɗin da keke biyu za su gifta juna. Mai kaya ko mai tabarma, duk wanda ya shigo layi a matsar da shi. Murafu a sa na kankare ko na roba mai ƙarfi, waɗanda ba su da kuɗi a panteka. Bakin hanyar ƙafa a kafa turaku da tazarar kamar mita 1, mota ba za ta shiga ba, keke zai wuce. Masu sa turaku kusa-kusa don korar 'yan acaɓa su sani babur ya fi keken guragu siranta, gurgun suke fara tarewa.