Wace kalma za mu ba wa "kwantirol" na masu bincike?

Mai Fassara, Gwale:
Assalamu alaikum. Malamai, ga wata kalma tana neman suna. Kusan duk rahoton binciken da za a mayar Hausa, na ilimi ne ko na lafiya ko na wutar sola, sai an ci karo da abin da masu bincike ke kira kwantirol. Ana raba mutane ko kayan da ake nazari gida biyu, a yi wa gida ɗaya sabon abin da ake son gwadawa, ɗayan ba a yi masa ba, daga baya a duba bambanci. Gidan farko ba shi da wuya, "rukunin gwaji" ya zauna masa daram. Na biyun ne ya gagara. Abin da ke yawo a rubuce shi ne "rukunin sarrafawa" da "rukunin kulawa", kuma ko ɗaya ba ya shiga kunne. Me za mu ce?

Malamin Hausa, Kabuga:
Wa alaikumus salam. Waɗannan biyun a jingine su tun yanzu. An ɗauko ma'anar kalmar ta yau da kullum ne, ta juya abu ko iko da shi, aka liƙa a inda ba gurbinta ba. Bahaushe yana sarrafa gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli, yana sarrafa fata a majema. Wanda ya ji "rukunin sarrafawa" zai ɗauka su ne aka fi taɓawa. "Kulawa" kuwa ta fi haɗari, domin majinyaci zai ji kamar su ne 'yan gata, har ya roƙi a saka shi a ciki.

Ɗalibi, Rijiyar Zaki:
Allah ya gafarta Malam, me zai hana mu ce zakaran gwajin dafi? Ai tamu ce.

Malamin Hausa, Kabuga:
Tamu ce, amma ka ɗora ta a kan wanda ba shi ba. Zakaran shi ake sa wa dafin a ga ko yana ci, ke nan shi ne rukunin gwaji. Mu kuma zakaran da ke kiwonsa a gefe muke nema wa suna. Bayan haka, yau kalmar ta zama kirari, kuma babu likitan da zai rubuta "dafi" a takardar da yake son uwa ta sa wa hannu.

Likita, Tarauni:
Malam ya yi daidai. Kafin suna, a fara sanin aikin rukunin. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna mana abin da zai faru da a ce ba a kawo sabon abin ba. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin streptomycin a kan masu tarin fuka a Birtaniya. Majinyata 107 ne. An ba 55 maganin tare da hutun gado, 52 kuma hutun gado kaɗai, wanda shi ne jinyar da aka sani a lokacin. Bayan wata shida, huɗu suka rasu a cikin 55, goma sha huɗu a cikin 52. Ku lura, a cikin waɗanda ba su samu maganin ba ma 38 suna raye. Da babu su, da sai a ce duk wanda ya rayu maganin ne ya cece shi.

Sai dai kada kowa ya kawo mana "waɗanda ba a ba komai ba". Sanarwar Helsinki ta 1964 a kan ƙa'idojin binciken lafiya a jikin mutane, da gyare-gyaren da suka biyo baya, ta tsaya a kan cewa idan akwai maganin da aka tabbatar yana aiki, da shi za a gwama sabon, ba da hannu wofi ba. Mu a Kano ba sai an je nesa ba. A annobar sanƙarau ta 1996, gwajin sabon magani mai suna Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH ya ƙunshi yara kusan 200, rabi aka ba Trovan, rabi ceftriaxone, maganin da aka riga aka san yana aiki. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren farko, shida a na biyu. Cikin manyan zarge-zargen da aka kai kotu, bayan batun rashin neman izinin iyaye yadda ya kamata, akwai cewa an rage adadin ceftriaxone ɗin da aka ba rukuni na biyu. Idan aka rage wa wannan rukunin ƙarfin magani, sabon zai fito kamar ya fi yadda yake. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Saboda haka kalmar da za mu zaɓa, akwai iyayen da za su karanta ta da idon wanda maciji ya taɓa sara. Ta faɗi gaskiyar abin, kada ta yi wa kowa romon baka.

Malama mai binciken ilimi, Gadon Ƙaya:
Dakta, a wajenmu ma haka abin yake. A ce ana son gwada sabuwar hanyar koyar da karatun Hausa a aji biyu na firamare. Makarantu ake rabawa, ba yara ba, domin yaran aji ɗaya suna aron littafin juna, malami kuma ba zai koya wa layin dama wata hanya ya hana layin hagu ba. Ana fara auna kowa tun kafin a taɓa komai: kalma nawa yaro ke karantawa daidai a minti ɗaya. Sannan a jefa ƙuri'a a raba makarantun. Ɗaya ɓangaren ya ci gaba da darasinsa yadda ya saba, da malamansa da allonsa. A ƙarshen shekara a sake auna duka biyun da jarrabawa iri ɗaya, kuma mai aunawa kada ya san wace makaranta ce a wane ɓangare.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ana barin jami'i ya zaɓi makarantun da ke bakin titi, masu malamai cikakku, ya ba su sabon shirin, sai a auna gatan da suke da shi tun asali a ce shirin ne. Ko kuma yaran da karatu ya fi yi wa wuya su daina zuwa a ɓangare ɗaya, sai makin waɗanda suka rage ya tashi ba don an koyi komai ba. Akwai kuma malala. A binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a Busia ta Kenya, makarantu 75 aka kasa gida uku, aka fara ba gidan farko maganin tsutsar ciki a 1998, sauran suka jira layinsu. Fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma har yaran makwabta da ba su sha maganin ba sun amfana, tunda masu yaɗa tsutsar sun ragu. Idan amfani ya malala haka, tazarar da ke tsakanin rukunan biyu takan ƙanƙance.

Shawarata: rukunin ma'auni. Da shi ake auna ɗayan.

Injiniya, Sharaɗa:
Hajiya, ina bayanki a kan ma'auni, kuma ga hujjar da za ta binne tunanin cewa kwantirol shi ne "wanda ba a taɓa ba". Idan za a auna wutar da ƙurar hunturu ke cinyewa, faranti biyu na sola ake kafawa, ƙirar kamfani ɗaya, wat ɗaya, gefe da gefe, a jingine su da karkata iri ɗaya suna fuskantar kudu. A wanke duka biyun ranar farko a auna su, domin ko daga kwali ɗaya suka fito sai an samu ɗan bambanci, a rubuta shi don a riƙa cirewa. Daga nan ɗaya a riƙa goge shi kullum da safe, ɗayan a bar shi ya sha ƙura. Da tsakar rana a auna amfiyar kowanne a cikin minti ɗaya, sai a raba ta mai ƙura da ta mai tsabta. To wanene kwantirol a nan? Wanda ake gogewa kullum. Shi ne ma aka fi taɓawa.

Ana auna su tare ne saboda hazo. Hazon da ya rage hasken rana ya rage wa duka biyun, sai ya fita daga lissafi. Wanda ya auna faranti ɗaya a Nuwamba ya sake auna shi a Janairu ba zai iya raba laifin ƙurar da ke kan gilashi da na hazon da ke sama ba. Zafi ma haka: lambar wat da ke bayan faranti an same ta ne a digiri 25, kuma ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru. Abu ɗaya da ke yaudara shi ne kashin tsuntsu ko ƙurar da ta taru a gindin faranti, a nan sai an auna wat ɗin gaba ɗaya.

A gwajin murhu mai tsimin itace kuwa, murhun duwatsu uku ne abin gwamawa. Ruwa lita biyar, tukunya iri ɗaya, itace daga dami ɗaya, a auna nauyinsa kafin da bayan tafasa har da gawayin da ya rage, a maimaita aƙalla sau uku. A tuna ruwa a Kano wajen digiri 98 yake tafasa, kada a tsaya jiran 100 ana ƙona itace.

Likita, Tarauni:
Injiniya, misalinka ne ma ya sa nake ja da ma'auni. Mudu a Dawanau ba ya canzawa, dutsen sikeli kilo ɗaya ne jiya da yau. Wannan rukunin kuwa motsi yake. Majinyata suna warkewa da kansu, yara suna girma su ƙara iya karatu ko da tsohuwar hanya, farantinka mai tsabta yana ba da wuta daban kowace rana. Amfaninsa ke nan, yana tafiya cikin rana da iskar da ɗayan ke ciki. Wanda ya ji ma'auni zai zaci wata tsayayyiyar lamba ce, sai ya ce to me ya sa ba za a yi amfani da alƙaluman bara ba. Shan inna ta nuna dalili: yawanta na hawa da sauka daga shekara zuwa shekara, shi ya sa a gwajin rigakafin Salk na 1954 a Amurka aka yi wa yara kusan dubu 200 allurar gaske, wasu kusan dubu 200 allurar da ba rigakafi a ciki, a lokaci guda, ba tare da yaran ko likitocin da ke duba su sun san wa ya samu wacce ba. Ni dai rukunin kwatance nake gani.

Ɗalibi, Rijiyar Zaki:
Ranka ya daɗe, takwara fa? Rukunin takwara.

Likita, Tarauni:
Wannan ka kawo mai kyau, amma a adana ta don wani gurbin. Akwai binciken da ba a raba kowa, ana fara da masu cutar ne a nemo wa kowanne wani marar ita mai jinsi ɗaya da shekaru kusa, a waiwayi baya. Haka Richard Doll da Bradford Hill suka yi a 1950 a asibitocin Landan, masu sankarar huhu 709 da wasu majinyata 709, aka tambayi kowa tarihin shan tabarsa. Waɗannan su ne takwarori na gaske, mutum da mutum.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Fagge:
Kafin ku rufe, kada a kwashe duk kwantirol a zuba a kwando ɗaya. A tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro akwai layi mai harafin T na cutar, da wani mai harafin C na kwantirol. Layin C ba a kwatanta shi da komai. Yana nuna cewa ruwan gwajin ya bi takardar har ƙarshe kuma tsinken bai mutu ba. Layin C kaɗai, babu cutar. C da T, akwai. Idan C bai fito ba, ko da T ya fito, gwajin ya ɓaci, a ɗauki sabo. Yawanci zafin ajiya ne ke jawo haka, ko jinin ya yi yawa, ko ɗigon ruwan bai kai adadin da aka rubuta a kwali ba. Wannan layin shaida ne. Samfurin da aka riga aka san yana da cutar ko ba shi da ita, wanda ake sawa don a tabbatar na'ura na aiki, shi ma samfurin shaida.

Malamin Hausa, Kabuga:
Shaida ta zauna, ba gardama. Kwatance kuma na juya ta a baki: ajin kwatance, farantin kwatance, murhun kwatance, maganin kwatance. Duk sun tafi, kuma aikatau ɗin yana kusa, an kwatanta wannan da wancan. Aibinta ɗaya, muna cewa kwatancen gida ko kwatancen hanya, amma da zarar "rukuni" ko "aji" ya gabace ta babu mai zuwa neman lungu. "Farantin ma'auni" kuwa, Injiniya, rabin masu karatu za su ɗauka farantin sikeli ne.

Injiniya, Sharaɗa:
Na sallama a kan rukuni, Malam. Amma na'urar da aka daidaita a masana'anta, wadda ake gyara sauran mitoci da ita, wannan ma'auni ce, kada a taɓa min ita.

Malama mai binciken ilimi, Gadon Ƙaya:
Hujjar mudu ta kayar da ni. Kwatance ɗin.

Mai Fassara, Gwale:
Na gode, malamai. Ga yadda jimlar takardar neman izini za ta fita, a duba min: "Za a raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunin gwaji zai karɓi sabon maganin, rukunin kwatance kuma ba zai karɓa ba."

Likita, Tarauni:
Gyara ƙarshen, Malam. Rubuta: "rukunin kwatance kuma zai karɓi maganin da aka saba bayarwa, a cikakken adadinsa." Ka ƙara da cewa ba likita ne ke zaɓar gidan da yaro zai faɗa ba, kuma uwa na iya janye ɗanta a kowane lokaci ba tare da an daina yi masa jinya ba. Wurin ƙuri'a kuma ka sa "ƙuri'ar sa'a", don kada wani ya ɗauka hannu za a ɗaga.