Kabuki na maza ne tun asali? Gardama ta kaure

Ɗan Auta: Ni dai a ganina masu cewa a saka mata a kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, neman ɓata al'ada suke. Wasan maza ne tun fil azal, namiji ke fitowa a mace, shi ke nan.

Anti: Wane fil azal, ƙanena? Mace ce ta ƙirƙiro shi. Izumo no Okuni ta fara rawarta a Kyoto a 1603, har shigar maza take yi. Gwamnatin Tokugawa ce ta kori mata daga dandali a 1629, saboda karuwanci da rigimar da 'yan kallo ke yi a kansu. Samari suka maye gurbi, su ma aka hana su a 1652 kan irin wannan dalilin. Doka ce, ba fasaha ba.

Malam: Gaskiyarki Hajiya, amma kada ki tsaya nan. Abin da doka ta haifa, shekara kusan 400 sun raine shi. Onnagata, wato namijin da ke fitowa a mace, ba gyale kawai ya yafa ba. Yana rage tsawo da lanƙwasa gwiwa, ya sauke kafaɗu baya, ya siranta murya, fuska fara fat da hoda. Wasu da takarda tsakanin gwiwoyi suke koyon tafiya, kada ta faɗi. Ki kalli shahararren onnagata Bando Tamasaburo, ba kwaikwayon matar titi yake yi ba, wata mace ce ta daban da dandali ya ƙera.

Anti: To Malam, in koyo ne, me zai hana mace ta koya? Ingila ma yara maza ne ke fitowa a mata zamanin Shakespeare. Da aka buɗe wa mata ƙofa a 1660, wasan ya mutu ne?

Ɗan Auta: Ai suna da nasu, Anti. Ƙungiyar wasan Takarazuka tun 1914 mata zalla ne, su ke fitowa a maza.

Yaya: Ku kuna ta Japan, kun manta tashen Mairama da Daudu? Yarinya ce ke zura babbar riga da hula ta zama angon.

Anti: Takarazuka ba kabuki ba ne, Auta. An ɗage haramcin hawan mata dandali tun zamanin Sarkin Japan Meiji, amma manyan gidajen kabuki har yau ɗa ke gadon sunan uba, 'ya kuwa sai kallo. A nan gizo ke saƙar.

Malam: Wannan kam ban musa ba. Maganar gado daban, maganar onnagata daban. Ta biyun nake karewa.