Buɗe ƙofar shigo da hatsi: wa ya ci riba?

Manomin Dadin Kowa: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Na kai masara kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, kuɗin buhu bai sayi buhun taki ba. Tun da gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 a 2024, manomi ya shiga uku. Taki da tsada, man injin ban ruwa da tsada tun cire tallafi a 2023, sannan a kwaso na waje a karya mana farashi don cima-zaunen birni su ji daɗi. Haka ake gina ƙasa?

Malamar firamare, Pantami: Su waye cima-zaune, Malam? Ƙarfe bakwai ina aji, ƙurar alli har cikin hanci, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Da mudun masara ya gagari talaka, yara suna kwana da yunwa, ba mu ji bakinku ba.

Mai keke-napep: Allah ya biya ki, Malama. Ni da nake kwana a titi ne cima-zaune?

Manomin Dadin Kowa: Ba da ku nake ba. Kowa ya san da wa nake.

Mai keke-napep: To fito ka faɗa mana.

Dillalin hatsi: Da mu yake, ba yau ya fara ba. Mu ne muke ba ku bashin taki da damina, kaka ta yi ku kira mu 'yan ɓoye kaya.

Ɗan Bajoga: Ku bar wannan. Buhari ya rufe iyakoki a 2019, injinan casar shinkafa suka cika Arewa, samari suka koma gona. Shi ne mai kishin manomi.

Ɗalibin tattalin arziki: Yallaɓai, ai shi da kansa ya buɗe su a Disambar 2020, kuma shinkafa ba ta yi araha ba, 'yan fasa-ƙwauri ne suka yi ƙiba. Rufe ƙofa ba ya kawo wuta ko hanyar ƙauye. Ina kamfanin Steyr na Bauchi da a da yake haɗa taraktoci?

Ɗan Bajoga: Yaro, lokacin da SAP, shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, ta zo a 1986 ba a haife ka ba. Buɗe ƙofar ce ta kashe masaƙun Kaduna. Kar ka koya mana da takarda.

Wani daga Wunti: A daina sa Bauchi a baki. Ku Gombe in ban da simintin Ashaka me kuke da shi?

Malamar firamare, Pantami: Ni dai har yanzu ina jira ya janye kalmar nan.

Manomin Dadin Kowa: Hajiya, ba zan janye ba. Wanda bai taɓa tsayawa cikin taɓo da asuba yana jiran ruwa ya zagaye fadama ba, bai san me nake ji ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, kuma yawancinmu mun yarda an zalunci manomi, shigo da hatsi kuskure ne. Ni ma bana shinkafata tana ajiye, na rasa mai saye da daraja. Kalmar da Malam ya yi amfani da ita zafin rai ne, Malama ki yi haƙuri. Ɗalibi kuma ya riƙa girmama manya. Na rufe zancen sai bayan Isha'i.