Shirin ƙaura zuwa Manchesta: abin da mazauna can suka ce

Mun tattauna da 'yan'uwa mazauna Manchesta, kuma maganar gida ce ta cinye rabin hirar. Bakinsu ɗaya: kada ka tura ko sisi kan ɗakin da ba ka gani ba, domin 'yan damfara sabon zuwa suke dako. Dokar Ingila ta 2019 ta taƙaita kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa a matsayin jingina ga hayar mako 5 a yawancin gidaje. Idan ka shiga duba ɗaki, leƙa bayan labule da kusurwar banɗaki. Baƙin tabo a bango alamar danshi ce, kuma yara ne ke shan wahalarsa. Tambayi harajin ƙaramar hukuma ma, ko da yake an yafe wa ɗalibai masu karatu na cikakken lokaci.

Daga Najeriya, sai da takardar gwajin tarin fuka za a ba ka biza mai wuce wata 6.

Kilishi da man shanu kuwa, a haƙura. An hana shiga da nama da kayan madara. Naman halal ba ya wuya a unguwannin Cheetham Hill da Longsight.

Da ka sauka, yi rajista da likitan unguwa, kyauta ne. Rigar sanyi kuma a can za ka saya, tamu ba ta tare sanyin Disamba, lokacin da magariba ke yi kafin ƙarfe 4.