Bidiyon 360 yana fita dishi-dishi a tabaran VR: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na fara ɗaukar bidiyo mai kewaye, wato 360, da kyamara mai ido biyu da ke ɗauka a 5.7K. In na buɗe shi a shimfiɗe a kwamfuta tar yake, har zaren rigar mutum kana gani. Da na ɗora shi a intanet na sa tabaran VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido ka ji kamar kana cikin wurin, sai fuskoki suka koma kamar ana leƙensu ta gilashin da ya yi raɓa. Abin da ya fi ba ni haushi, in na waiwaya baya sai na ƙirga ɗaya, biyu, kafin wurin ya washe. Laifin kyamara ne, ko na layi, ko nawa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kyamararka ba ta ci amanarka ba. Ni ma na yi ta zargin tawa har na kusa rabuwa da ita, sai wata rana na ɗauki biro. 5.7K ɗin nan piksel 5760 ne a faɗi, an raba su ga digiri 360, kowane digiri ya tashi da 16. Tabaran kuwa abin da yake nuna maka a lokaci guda bai wuce digiri 90 zuwa 110 ba, wato piksel wajen 1600 ne aka miƙe suka cika maka ido, sauran suna bayan ƙeyarka. Lafiyayyen ido yana rarrabe kusan 60 a digiri ɗaya. Ko 8K ka samu, 7680 ke nan, 21 da 'yan kai za ka tashi da su. Tun ranar na daina faɗa da kyamara.

Injiniya:
Malam ya gama da dishi-dishin, bari in ɗauki waiwayen, don shi ya hana mu barci a wani aiki da muka yi na watsa taro kai tsaye.

Da farko ƙwallon gaba ɗaya, wato duk hoton kewayen, muke turawa a inganci ɗaya. A megabit 50 cikin daƙiƙa, minti goma kacal yana cinye gigabait 3.75, alhali mai kallo kusan kashi ɗaya cikin shida yake gani. Sai muka yanka hoton gida-gida kamar tayil, abin da tsarin matse bidiyo na HEVC ya ba da dama. Gidajen da ke gaban mutum a tura su garau, na gefe da na baya a tura mara nauyi. Data ta sauka sosai, muka yi ta murna, sai ga matsalarka ta ɓullo. Bidiyo gutsure-gutsure yake zuwa, kowane gutsure na daƙiƙa biyu ko fiye, kuma na'ura ba ta iya sauya inganci sai ta iso cikakken hoton da ke buɗe sabon gutsure. In ka juya kai a tsakiya, dole ka jira. Ƙirgen da kake yi ke nan. Muka gajarta gutsuren zuwa daƙiƙa ɗaya, jiran ya ragu, nauyin fayil ya ƙaru, domin cikakken hoto ya fi sauran cin wuri nesa ba kusa ba. Muka rage ajiyar gaba da na'ura ke tarawa don kada ta tara gefen da mutum ya riga ya bari, sai layi na ɗan rawa bidiyo ya tsaya cak. Ka toshe nan, can ta ɓalle.

Manya ma sun sha wannan. A 2016 Facebook ya bayyana tsarin dala, wato nannaɗe hoton a siffar dala ta yadda gefen da ake kallo ya fi inganci, wanda ya ce yana rage nauyi da kashi 80 cikin ɗari, amma sai an ajiye kwafi 150 na bidiyo ɗaya, fuska 30 kowace da inganci biyar. Mu ba mu da rumbun da zai ɗauki haka.

Ƙanwarku:
Yaya Injiniya, ni jiri ne ya kore ni. Minti biyar na cire tabaran ina riƙe bango. Na ɗauka jinkirin intanet ne.

Injiniya:
Ƙanwata, abu biyu ne. Juyawar hoto in kin juya kai a cikin tabaran ake yin ta, ba ta jiran intanet, kuma ana so jinkirinta ya kasance ƙasa da milisakan 20. In kin ji jiri, duba ko mai ɗaukar yana tafiya da kyamarar ne, ko na'urar ta yi zafi ta fara zubar da firam, wato tsallake wasu daga hotunan da ke jere a bidiyo. Ni duk wanda ya ce min ya ji jiri, tambayata ta farko ita ce ko kyamarar a kafe take.

Ƙanwarku:
Wallahi a hannu ya riƙe ta yana sauka daga bene.

Tsohon Hannu:
Tun 2015 da YouTube ya fara karɓar 360 nake wannan wahala, ku bar ni in yi ƙorafi kaɗan. Shimfiɗar da muka saba da ita, mai faɗi biyu tsawo ɗaya, irin taswirar duniya ce ta bango: sama da ƙasa sun kumbura, piksel ɗinka masu tsada suna ƙarewa a kan rufi da ƙafar kyamara, inda ba mai kallo. Shi ya sa aka koma nannaɗe hoton a akwati mai fuska shida, Google kuma ya gyara rabon piksel ɗin a 2017 da EAC, tsarin da ke raba su kusan daidai ga kowane digiri.

Ni dai daga baya na sauka daga dokin. Na zauna na lura da mutanen da nake ba tabaran: sukan waiwaya sau ɗaya ko biyu a farko don mamaki, daga nan sai su kafe ido gaba har ƙarshe. Sai na koma VR180. Rabin kewaye, piksel a kowane digiri ya ninka, ko kuma ka kashe rarar a kan hoto daban ga kowane ido don a ga zurfi. Ba kuma ruwanka da layin ɗinki, inda ake haɗa hotunan idanun kyamara biyu, da ke raba fuskar mutum biyu in ya matso kusa da kyamara. Masu cewa 180 ba cikakken VR ba ne, na ji, amma har yau ba wanda ya cire tabaran ya tambaye ni ina bayan ɗakin.

Ɗan Koyo:
Nawa abin kunya ne. Na fitar da bidiyo daga manhajar tacewa, alamar da ke gaya wa dandali cewa 360 ne ta goge, ya fito a shimfiɗe, kawuna kamar an ja roba. Kwana biyu ina neman dalili kafin na sake cusa alamar da ɗan abin nan na Google, Spatial Media Metadata Injector. Kuma kada ka yi saurin kallo da zarar ka ɗora, ƙaramin inganci ne ke fara fitowa, babban sai an jima.

Mai Kyamara:
Allah ya saka da alheri. Ɗan Koyo, ka taɓa ni, minti goma da ɗorawa na kalla. Yanzu na koma na zaɓi inganci mafi girma da hannu, fuskokin sun ɗan washe. Na kuma kwafa fayil ɗin kai tsaye cikin tabaran, jiran waiwaye ya ɓace ɗungurungum, saura laushin da Malam ya lissafa. Injiniya, gida nawa kuka yanka naku, kuma tabaran bai yi nishi ba wajen buɗe su a tare?